Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga: Yadda Ake Zaɓen Bindiga da Harsashi, da Abin da Dokar Nijeriya Ta Tanada

A kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Ambursa ta nufi Argungu, bindiga ba baƙuwa ba ce. Maharba na shiga fadama da bindigar toka tun kaka da kakanni, 'yan bindigar sarki na tayar da hayaƙin albarushi a hawan Sallah, kuma tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, zancen makami ya ƙara yawa a majalisun matasa. A cikin wayoyin waɗannan matasa kuma akwai wata bindigar ta daban: wadda suke gani a bidiyon gasa, inda mutum ke zaro ta daga kube, ya ruga tsakanin shingaye yana harbin alluna, ya gama cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan wasa yana da hukuma, da ƙa'idoji, da lissafi. Sai dai kayan aikinsa na farko, wato ƙaramar bindiga, yana cikin makaman da riƙe su ba da lasisi ba kan kai ɗan Nijeriya gidan yari na aƙalla shekara 10.

Asalin wasan

Gasar ta samo asali ne a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1950, inda wani tsohon hafsan sojan ruwa, Jeff Cooper, da abokansa suka riƙa shirya wasannin zaro bindiga da harbi cikin hanzari. A watan Mayun 1976 aka yi taro a garin Columbia na jihar Missouri, aka kafa hukumar duniya ta wasan, wadda aka fi sani da IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin da ake taƙaitawa da haruffan DVC, ma'anarsu: saiti, ƙarfi da sauri. Duk wani zaɓi na bindiga ko harsashi a wannan wasa ƙoƙari ne na daidaita waɗannan abubuwa uku, domin wanda ya ƙara ɗaya, sau da yawa ya rage ɗaya.

Afirka ta shiga tarihin wasan da wuri. An yi gasar duniya ta farko a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1975, ta 1977 kuma a Salisbury, wadda ita ce Harare ta yau. Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin gasar a 1979 da 2002. Cikin fitattun 'yan wasan akwai Rob Leatham na Amurka da Eric Grauffel na Faransa, wanda ya lashe kambun duniya sau da dama.

Ya kamata a bambanta wannan wasa da harbin gasar Olamfik, wanda hukumar ISSF ke kula da shi. A Olamfik ɗan wasa na tsayawa wuri ɗaya, ya riƙe bindiga da hannu ɗaya, ya harbi allo daga nisan mita 10 ko 25. Shi ne irin wanda Yusuf Dikeç na Turkiyya ya yi suna da shi a Paris a 2024, lokacin da ya ci azurfa hannunsa ɗaya cikin aljihu. A gasar IPSC kuwa, kowane fage da tsarinsa, kuma ɗan wasa ne zai tsara wa kansa ta inda zai fara, da inda zai sauya gidan harsashi, da inda zai ƙare.

Yadda ake lissafin maki

Ba a fahimtar zaɓen bindiga sai an fahimci lissafin maki. Allon harbi na kwali ne, an raba shi gida uku: A a tsakiya, C a kewayenta, D a gefe. Yawanci ana buƙatar harsashi biyu a kowane allo. Akwai kuma alluna na ƙarfe da dole sai sun faɗi kafin a ƙirga su. Alƙalin fage na bin ɗan wasa da na'urar da ke jin ƙarar harbi tana rubuta lokaci. Idan an gama, sai a raba jimillar maki da yawan daƙiƙoƙin da aka ɗauka. Wanda sakamakonsa ya fi yawa shi ya ci fagen.

Harbin da ya sami A maki 5 ne ga kowa. Bambancin yana C da D. Mai harbi da harsashi mai ƙarfi, wanda ake kira Major, yana samun maki 4 a C da 2 a D. Mai harbi da mara ƙarfi, wato Minor, yana samun 3 a C da 1 a D. Harbin da ya kuskure allo ana cire masa maki 10, haka ma wanda ya sami allon da aka hana harbi.

Ga misali. A fage mai alluna 6, harsashi 12, cikakken maki 60 ne. Wanda ya sami A takwas da C huɗu cikin daƙiƙa 10 da harsashin Minor yana da maki 52, sakamakonsa 5.2. Da a ce da Major ya yi wannan harbin, makinsa 56 ne, sakamakonsa 5.6. Wanda ya natsu ya sami A goma sha biyu cikin daƙiƙa 11 yana da 5.45. Wanda kuma ya sami A goma sha ɗaya ya kuskure ɗaya cikin daƙiƙa 10 ya sauko zuwa 4.5. Lissafin ya nuna cewa gaggawa na da lada, amma kuskure ɗaya ya ishe shi ya cinye ribar gaggawar duka.

Ma'aunin ƙarfin harsashi

Ana gane Major da Minor ne ta hanyar lissafi mai sauƙi: a ninka nauyin kan harsashi da gudunsa, a raba da 1,000. Nauyin ana auna shi da ma'aunin giren, wanda kowane ɗaya bai kai kashi 7 cikin 100 na giram ba, gudun kuma da ƙafa a cikin daƙiƙa. Mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi 125 ne, shi ne matakin Minor. Matakin Major yana farawa daga 160 a wani rukuni, 170 a sauran.

Harsashin milimita 9 mai nauyin giren 124, wato kimanin giram 8, idan yana gudun ƙafa 1,050 a daƙiƙa, ƙarfinsa 130 ne, ya shiga Minor. Harsashin .40 mai nauyin giren 180 da ke gudun ƙafa 950 ƙarfinsa 171 ne, ya haye Major da ƙyar. A manyan gasa ba a yarda da maganar baki: jami'ai na karɓar harsasai takwas daga hannun ɗan wasa, su cire kan ɗaya su auna nauyinsa, su harba wasu ta cikin na'urar auna gudu. Wanda ya yi rajista da Major ya gaza, sai a mayar da makinsa na Minor. Wanda ya gaza 125, makinsa ba ya shiga lissafin gasa. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa kan bar rata ta maki 5 ko fiye a saman iyaka, domin zafi da sanyi na sauya gudun harsashi.

Harsasai huɗu da suka mamaye wasan

Na farko shi ne 9×19, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Shi ne mafi ƙanƙanta da ƙa'ida ta yarda da shi, kuma shi ya fi yaɗuwa a duniya saboda sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa da shi suke aiki. Ya fi sauran araha, naushinsa a hannu kaɗan ne, gidan harsashi kuma na ɗaukar da yawa.

Na biyu shi ne .40 S&W, wanda ya fito a 1990, faɗinsa milimita 10. Darajarsa a gasa ta zo ne daga ƙa'idar da ta sa milimita 10 a matsayin mafi ƙarancin faɗin da zai ci makin Major a rukunin Standard. Na uku .45 ACP ne, na John Browning, abokin tafiyar bindigar nan ta 1911. Kansa na da nauyi, gudunsa kaɗan, yana haye Major cikin sauƙi, amma yana da tsada kuma kaɗan ke shiga gidan harsashi. Na huɗu .38 Super ne, na 1929, wanda ya sami sabuwar rayuwa a rukunin Open saboda yawan iskar da yake fitarwa na taimaka wa na'urar da ke danne bakin bindiga.

Ƙa'idar da masu koyarwa suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya fara da milimita 9. Dalilin na aljihu ne da na hannu. Ɗan wasan da ke son ci gaba yana harba dubban harsasai a shekara, har kuɗin harsashi ya zarce kuɗin bindigar kanta. Harsashi mai naushi kuma yana koya wa sabon hannu mummunar ɗabi'ar ƙifta ido da danne bindiga kafin harbi ya fita, ɗabi'ar da ke da wuyar kankarewa.

Rukunonin bindigogi

Domin kada mai kuɗi ya rinjayi mai gwaninta, an raba gasar rukuni-rukuni, kowa na karawa da masu irin kayansa.

Rukunin Production na bindigar da ta fito daga masana'anta ne, ba tare da manyan gyare-gyare ba. Dole ta kasance cikin jerin da hukuma ta amince da shi, harsashi 15 kawai ake zubawa a gidansa, kuma kowa makin Minor yake ci. Nan ne CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, wadda ta fito a 2016, da Tanfoglio ta Italiya da Glock 17 ta Ostiriya suka yi fice. Rukunin Production Optics irinsa ne, sai dai an yarda a ɗora madubin saiti mai jan ɗigo.

A rukunin Standard an yarda da gyara, amma dole bindiga da gidan harsashinta su shiga akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150 da zurfin 45, kuma babu madubin saiti. Rukunin Classic na masu tsarin 1911 ne, harsashi 8 ga mai Major, 10 ga mai Minor. Rukunin Revolver na libarba ne. Rukunin Open kuwa shi ne na ƙure fasaha: madubi, da na'urar danne baki, da gidan harsashi mai tsawon da ya kai milimita 170. Shi ya fi tsada, ya fi ƙara, ya fi buƙatar kulawa.

Abin da ake dubawa a jikin bindiga

Abu na farko shi ne amana. Bindigar da ke cijewa sau ɗaya a cikin harbi 100 ta isa ta zubar da gasa, domin agogo ba ya jira. Na biyu dacewa da hannu: yatsa ya isa kunama ba tare da an karkata riƙo ba, babban yatsa ya isa maɓallin sakin gidan harsashi. Na uku nauyi. Bindigar ƙarfe zalla, wadda kan wuce kilo ɗaya, tana shanye naushi ta dawo kan saiti da wuri. Mai jikin roba ta fi sauƙin ɗauka da araha, amma ta fi tsalle. Na huɗu kunama, wadda ake so ta saki a wuri ɗaya kowane lokaci. Na biyar samun kayan gyara, da kube, da gidajen harsashi aƙalla huɗu ko biyar, tunda dogon fage na iya cin harsashi 32.

Sama da duk waɗannan akwai ƙa'idojin kariya. Tabarau da abin toshe kunne wajibi ne. Bindiga na zama ba harsashi a cikinta har sai alƙali ya ba da umarni. Wanda ya juya bakin bindiga ya wuce kusurwar da aka iyakance, ko ya bar yatsa a kan kunama yana sauya gidan harsashi, ko harbi ya kuɓuce masa, ko bindiga ta faɗi daga hannunsa a fage, an kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ne zakaran duniya.

Inda dokar Nijeriya ta tsaya

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar da ke aiki ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka gada daga zamanin Turawa, kuma ta raba bindigogi kashi uku.

Kashi na farko haramtattu ne, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A nan aka jera igwa, da bama-bamai, da bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja, sannan da libarba da ƙananan bindigogi kowane iri. Ma'ana, bindigar da ɗan wasan IPSC ke ratayawa a ƙugu tana aji ɗaya da makaman yaƙi a idon doka. Hukuncin riƙe ta ba lasisi shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu bindigogin amfanin kai ne, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da wasu dogayen bindigogin wasa, da bindigogin iska, har da ƙaramar bindigar iska. Dokar ta cire duk bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi ko mai na'urar ɗuri daga wannan kashi. Hukuncin saɓawa na iya kai wa shekara 5.

Kashi na uku na masu ɗuri ta baki ne, wato bindigar toka da 'yan uwanta, waɗanda ke ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak ne saboda fatakensu na cikin waɗanda suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Bar wa 'yan ƙasa ita da hana su na zamani tsohuwar manufa ce, da ta samo tushe daga yarjejeniyar Brussels ta 1890.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Lasisi kuma ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai saboda yawaitarsu a hannun jama'a. Shigo da makami daga waje kuma na ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, sannan akwai cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ofishin mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, wadda ta sami dokarta a 2024.

Muhawarar da ke bayan dokar

Tsananin dokar bai hana makamai yawo ba. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya. A wannan shekarar kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 da aka shigo da su ta Legas. Jihar Kebbi ta ɗanɗana kuɗarta: an sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin masarautar Zuru a watan Maris na 2022.

Irin wannan ne ya sa Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su kare kansu, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara kuma ta sanar a watan Yunin 2022 cewa za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta cikin 19. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga baya jihohin suka koma ga kafa rundunonin tsaron al'umma: Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024.

A cikin wannan hayaniya, batun wasa ya nutse. Wasu ƙasashe sun ware masa gurbi. Dokar Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ta tanadi lasisi na musamman ga ɗan wasan da ƙungiya mai rajista ta shaida, bayan ya ci jarrabawar cancanta. Birtaniya ta bi wata hanyar: bayan kisan yara a makarantar Dunblane a 1996, ta haramta ƙananan bindigogi a 1997, har 'yan wasanta suka koma yin atisaye a ƙetare. Masu goyon bayan tsarin Afirka ta Kudu na cewa ƙungiya mai rajista da ma'ajiya da alƙalai na haifar da ladabin riƙe makami. Masu adawa na cewa a ƙasar da makamai ke ɓacewa ko daga ma'ajiyar hukuma, kowace sabuwar ƙofa hanyar yoyo ce. Duk gyaran da za a yi, a zauren Majalisar Tarayya za a yi shi, kuma nan ne ya kamata masu ra'ayin kowane ɓangare su kai ƙorafinsu.

Hanyar da ta rage wa mai sha'awa

Ga matashin Ambursa ko Argungu da wasan ya burge, tsarin zaɓen ya juye: doka ce farko, rukuni na biyu, bindiga ta ƙarshe. Ƙaramar bindigar da aka saya a ɓoye, ƙirar gida ce ko ta waje, ba ta kai kowa fagen gasa, domin babu hukumar wasa da ke karɓar makamin da ba shi da takarda. Inda take kai mutum shi ne gaban alƙali. Mafi kusa da abin da doka ta sassauta shi ne bindigar iska mai faɗin milimita 4.5, irin ta Olamfik, wadda ita ma sai da lasisi, kuma Hukumar Wasan Harbi ta Nijeriya ce ke kula da wasan a ƙasa. Ita kanta IPSC tana da reshe na bindigogin iska masu harba ƙwayar roba, wanda aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Hong Kong a 2018, an kuma ƙirƙiro shi ne saboda wuraren da doka ta hana ƙaramar bindiga. Riƙo, da tsayuwa, da numfashi, da jan kunama, duk ana koyonsu a nan a kan kuɗi kaɗan. Wanda kuma karatu ko aiki ya kai shi ƙasar da wasan ke da gurbi, ƙofarsa ita ce ƙungiya mai rajista, da darasin kariya, da bindigar aro ta milimita 9 a rukunin Production, kafin ya kashe ko sisi a kan tasa.